Zaɓen jarrabawar kiɗa mai matakai: wace ta dace da ɗalibin Damargu?

Taƙaitawa

Jarrabawar kiɗa mai matakai iri-iri ce, kuma kowace da abin da aka tsara ta domin ta auna. Cikin wannan maƙala mun bayyana manyan ire-irenta, sannan mun gwada su da halin ɗalibin gundumomin Tanut da Belbeji, cikin jahar Damagaram. Ra'ayinmu shi ne, kafin a tambayi matakin da ɗalibi zai shiga, sai an san abu 3: kayan kiɗan da ke hannunsa, hanyar da ya bi ya koya, da ƙofar da ake son takardar ta buɗe masa.

1. Gabatarwa

A Nijar, idan aka ce jarrabawa, abin da ke zuwa ma mutum a rai shi ne BEPC ko bakaloreya: gwamnati ce ke shirya ta, lokacinta guda ne cikin shekara, kuma duk ƴan aji ɗaya tambaya ɗaya ake yi musu. Jarrabawar kiɗa mai matakai ba haka take ba. Hukumomi masu zaman kansu ne ke shirya ta, ba a tambayar shekarun mai shiga ko ajin da ya kai a lakwal, mutum ɗaya ɗaya ake aunawa, a kan kayan kiɗa guda, kuma shi ke biyan kuɗin. Yawanci matakan 8 ne, daga na 1, na mai fara koyo, har zuwa na 8, na wanda hannunsa ya faɗa.

Shekaru da dama wannan al'amari bai shafi ɗalibin Damargu ba, domin sai a gaban alƙali ake yin jarrabawar, alƙalin kuwa a manyan biranen bakin teku yake sauka. Daga shekarar 2020 abin ya sake: manyan hukumomin Ingila sun buɗe hanyar da ɗalibi zai ɗauki kansa a bidiyo, ya aika ta intanet, a ba shi maki daga nesa. Saurayin da ke da gita da wayar salula a Tanut yana iya jin labarin, ya zo ya tambayi malaminsa na koleji ko ɗan'uwansa da ke jami'a wace zai shiga. Amsar da aka ba shi tana da nauyi ta fuska 2. Ta farko kuɗi ne, waɗanda hukumomin Ingila ke ƙara wa tsada daga mataki zuwa mataki, a ƙasar da iyali ke dogara ga damina guda. Ta biyu ta fi zurfi: yaron da ya iya kiɗa, aka sa shi jarrabawar da ba ta auna abin da ya iya, idan ya faɗi yana iya ɗauka cewa abin da ya gada ba ilimi ba ne.

2. Inda ɗalibin Damargu ke koyon kiɗa

Damargu ƙasa ce ta kan iyakar noma da kiwo. Garin Tanut yana kimanin kilomita 150 arewa da Damagaram, bisa hanyar Agadas. Belbeji tana yamma da shi, kuma ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011. Kamar yadda Stephen Baier ya nuna cikin littafinsa na 1980 a kan tarihin tattalin arzikin tsakiyar Nijar, hatsin Damargu ne ya daɗe yana ciyar da ayarin Abzin, shi ya sa Hausawa, Dagirawa, Abzinawa da Fulani suka zauna wuri guda. Kiɗan yankin ya bi wannan cuɗanya.

Muna iya kasa masu koyo kashi 3. Na farko su ne ƴaƴan gado da masu bin wani makaɗi: kalangu, ganga, gurumi, goge, algaita; a wajen Abzinawa kuma tende da anzad, watau gogen nan mai tsirkiya ɗaya da mata ke kaɗawa, wanda UNESCO ta sanya cikin gadon al'adun duniya a 2013 da sunan Aljeriya, Mali da Nijar. Na biyu su ne samarin kiɗan zamani, masu gitar lantarki da ƙaramin fiyano na lantarki, waɗanda suka koya ta sauraren kaset da waya da kallon hannun abokai. Na uku, waɗanda su ne mafi ƙaranci, su ne waɗanda suka haɗu da rubutun kiɗa (solfège) a wani wuri, suna son su ci gaba da shi.

Kashi na farko da na biyu da kunne suka koya. Wannan shi ne abin da ya kamata a riƙe tun yanzu, domin mafi yawan jarrabawar da za mu bayyana an gina su ne bisa karatun takarda.

3. Ire-iren jarrabawar

Tsarin matakai a Ingila ya samo asali. Kwalejin Trinity ta London ta fara jarraba ɗaliban waje a 1877. A 1889 manyan makarantun kiɗa 2 na London suka haɗu suka kafa hukumar da aka sani yau da sunan ABRSM. Daga can tsarin ya bazu cikin ƙasashen da Ingila ta mallaka, shi ya sa aka san shi a Legas da Akara, ba a san shi sosai a Yamai ba.

3.1. Cikakken gwaji

Wannan ita ce tsohuwar jarrabawa, wadda ake yi ido da ido. A tsarin ABRSM kashi 4 gare ta. Ɗalibi yana kaɗa kaɗe-kaɗe 3 da ya zaɓo cikin jerin da hukumar ta buga, kowane da maki 30. Sai tsanin sauti, watau hawa da saukar sautuka bi da bi (gammes), maki 21. Sai karatun nan take: a miƙa masa ɗan rubutun kiɗan da bai taɓa gani ba, ya duba shi ɗan lokaci kaɗan, ya kaɗa, shi ma maki 21. Na ƙarshe gwajin kunne, maki 18. Jimla 150 ke nan. Da 100 ake ci, 120 yabo ne, 130 babban yabo. Akwai kuma sharaɗi: ba a shiga mataki na 6, na 7 ko na 8 sai da shaidar mataki na 5 na ilimin rubutun kiɗa, ko wata shaidar da hukumar ta yarda ta tsaya a madadinsa.

Trinity bisa 100 take ba da maki: 66 na kaɗe-kaɗe 3, 14 na motsa hannu, 20 na ƙananan gwaji 2, da 60 ake ci. Bambancin da ya shafe mu shi ne, har zuwa mataki na 5 ɗalibi ne ke zaɓen ƙananan gwajin 2 cikin 4: karatun nan take, gwajin kunne, ƙirƙira nan take, da tambayoyi a kan kiɗan da ya kaɗa. Ashe mai kaifin kunne da ya saba ƙirƙira yana iya kauce wa karatun nan take har sai ya kai mataki na 6, inda ya zama tilas. Trinity ba ta kafa sharaɗin takardar ilimin rubutu ba, kuma ta yarda ɗaya daga cikin kaɗe-kaɗen ya zama wanda ɗalibi ya tsara da kansa.

3.2. Jarrabawar wasa kaɗai

Wannan ce ABRSM ta fito da ita a 2020. Babu tsanin sauti, babu karatun nan take, babu gwajin kunne. Ɗalibi yana kaɗa kaɗe-kaɗe 4 a jere, 3 daga jerin hukuma, 1 zaɓinsa, a ɗauke shi a bidiyo tashi ɗaya, ba yankewa ba gyara. Kowane kiɗa maki 30 ne, sauran 30 kuma na yadda wasan ya tsaru gaba ɗaya. Sharaɗin mataki na 5 na ilimin rubutu yana nan a kanta daga mataki na 6. Trinity ma tana da nata gwajin na bidiyo.

Sauƙin wannan hanya a fili yake: ba tafiya, ba masauki, kuma ɗalibi yana iya maimaita ɗauka har ya samu wadda ta gamsar da shi. Amma a lura da abin da takardar ke shaidawa. Ta ce mai ita ya kaɗa kaɗe-kaɗe 4 da kyau. Ba ta ce komi ba a kan ko zai iya karanta takardar da aka aje masa yau. Wanda ya haddace kaɗe-kaɗensa ta kwaikwayon bidiyo yana iya hawa matakai da dama, ranar da ya shiga ƙungiyar da ke aiki da rubutu sai ya ga bai da abin kamawa.

3.3. Ilimin rubutun kiɗa

Wannan jarrabawa ce ta alƙalami, ba a taɓa kayan kiɗa cikinta: sanin alamomi, ƙidayar lokaci, tazarar da ke tsakanin sautuka, haɗa sautuka. A ABRSM, daga mataki na 1 zuwa na 5 ta intanet ake yin ta, kuma da kwamfuta. Ita ce kaɗai cikin jerin nan wadda ba ta damu da abin da ɗalibi ke kaɗawa ba: mai gurumi da mai fiyano duk ɗaya ne a gabanta. Sai dai akwai matsalar harshe. Ɗan lakwal na Nijar da do, re, mi ya san sautuka, kamar yadda ake kiransu a Faransa. Tsarin Ingila da haruffa yake kiransu. Dole a ware lokaci domin wannan juyi.

3.4. Kiɗan zamani

Gitar da ABRSM ke jarrabawa ita ce mai tsirkiyar roba, ta kiɗan Turai na da. Mai gitar lantarki wani wuri zai nufa: hukumar Rockschool, wadda aka kafa a 1991, ko sashen kiɗan zamani na Trinity. A nan ɗalibi yana kaɗawa ne tare da kiɗan rakiya da aka riga aka ɗauka, kuma littattafan gita suna zuwa da zanen tsirkiyoyi mai nuna inda yatsa zai sauka (tablature), wanda ya fi sauƙin kamawa ga wanda bai yi solfej ba. Haka nan ABRSM, a jarrabawar fiyano, ba ta karɓar na lantarki sai mai cikakkun maɓallai masu nauyi da abin takawa, irin na babban fiyano. Ƙaramin da samari ke ɗauka zuwa wajen biki bai cika wannan sharaɗi ba. Trinity kuwa tana da jarrabawa ta musamman domin irin wannan ƙaramin.

3.5. Tsarin Faransa

Tun da makarantunmu daga Faransa suka gaji tsarinsu, ya kamata a san cewa can ba a san matakai 8 ba. Makarantun kiɗa (conservatoires) suna kasa karatu zango 3 (cycles), kowane na ƴan shekaru, kuma a ƙarshen zango ne ake jarraba ɗalibi. Koyon kayan kiɗa, solfej da kiɗan taro tare suke tafiya. Abin lura shi ne, wannan jarrabawa ta ƴan makarantar ce: mutum ba ya zuwa daga waje ya biya ya shiga. Saboda haka ga ɗalibin Tanut tsarin Faransa maganar zuwa makaranta ce, a zauna shekaru.

3.6. Maƙwabta

A Najeriya ƙungiyar MUSON, da aka kafa a Legas a 1983, tana shirya nata jarrabawar mai matakai, ta kaɗawa da ta rubutu, bisa tsari mai kama da na Ingila, tana kuma da makarantar da ke ba da difloma. Kuɗinta da naira ne. Amma Legas ba kusa ba ce: daga Damagaram zuwa Kano kimanin kilomita 240, daga Kano zuwa Legas kimanin 1000.

A cikin jerin kayan kiɗa na ABRSM, Trinity da Rockschool babu kalangu, babu gurumi, babu algaita, babu anzad.

4. Awon gida

Rashin takarda bai hana a auna makaɗi a ƙasar Hausa ba. David Ames da Anthony King, cikin ƙamus ɗinsu na 1971 a kan kiɗan Hausa, da Sa'idu Muhammad Gusau cikin ayyukansa a kan makaɗa da mawaƙa, sun bayyana yadda ƙungiyar kiɗa take da manya da ƙanana. Yaro yana farawa da ɗaukar kaya da saurare. Daga nan a ba shi ƙaramar ganga irin kanzagi, wadda aikinta riƙe kiɗa ne ba tare da kauce wa ba, ko a sa shi cikin ƴan amshi. Sai ya daɗe a nan kafin a bar shi ya taɓa babbar ganga, sai kuma ya daɗe kafin ya ja waƙa. A ƙarshe ubangidansa ya sallame shi ya kafa tasa ƙungiya, wani kuma ya kai ga sarautar kiɗa a fada. Waɗannan matakai ne, ko da ba a ba su lamba ba.

Abin da ake aunawa a nan ya bambanta da na sashe na 3 ta hanyoyi 3.

Na farko, kiɗan magana ne. Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma kalangu, da yake ana matsa tsirkiyoyinsa a hammata a sake, yana bin hawa da saukar muryar mai magana. Mai kalangun da ya kaɗa taken wani ya kuskure karin gaɓa ɗaya ya faɗi wata magana dabam, ko bai faɗi komi ba. Alƙalin da ba ya jin Hausa zai ji kiɗa mai daɗi, ya ba da maki. Mahaucin da ke gefe zai san an yi kuskure.

Na biyu, sanin mutane. Makaɗi sai ya san take da kirarin kowa, asalinsa, wanda ake fara ambata da wanda ake jinkirtawa. Mai gangar noma a wajen gayya sai ya san lokacin da zai zuga manomi da lokacin da zai sassauta. Mai anzad sai ta san sunan kowane kari da abin da ya sa aka yi shi, ta kuma san yadda za ta bi muryar mai waƙa. Bidiyon mutum guda cikin ɗaki ba ya nuna ko ɗaya daga cikin wannan.

Na uku, sautukan kansu. Yawancin waƙoƙin Hausa da na Abzinawa bisa tsani mai sautuka 5 suke tafiya, alhali tsanin da cikakken gwaji ke tambaya mai sautuka 7 ne, an kuma daidaita shi da fiyano. Mai goge da ya ɗora yatsa inda kunnen garinsu ke so yana iya zama mai kuskure a kunnen da ya saba da fiyano.

Tsakanin awon gida da jarrabawar waje akwai abu na uku da Nijar ta sani sosai, watau gasa: wasannin matasa na ƙasa da aka fara a 1976, da gasar Ɗan Gurmu da aka ƙirƙiro cikin shekarun 1980. Gasa tana fitar da gwani, tana ba shi suna. Amma jera mutane take yi, na ɗaya, na biyu, na uku. Wanda ya zo na 10 bai san ko ya ci gaba daga bara ba. Jarrabawa mai matakai da ma'auni take gwada ɗalibi, shi ya sa mutum 20 ke iya ci rana ɗaya. Amfanin da ke gare ta ke nan wanda gasa ba ta da shi.

5. Tambayoyi 3 kafin a biya kuɗi

5.1. Mene ne a hannunsa?

Wannan tambaya ita ke rage yawan zaɓi. Gitar lantarki: Rockschool ko sashen zamani na Trinity. Ƙaramin fiyano na lantarki: jarrabawar da aka yi dominsa. Kayan busa na badujala: cikakken gwaji na ABRSM, Trinity ko MUSON. Kalangu, gurumi, goge, anzad: babu jarrabawar kaɗawa da ta dace cikin waɗanda muka lissafa. Kada a ce wa mai gurumi ya koma gita domin kawai a samu abin da za a jarraba shi a kai. Idan yana son gita don kanta, wannan wata magana ce.

5.2. Ta yaya ya koya?

Wanda ya koya da kunne, idan aka jefa shi cikakken gwaji na ABRSM, maki 42 cikin 150 suna kan tsanin sauti da karatun nan take, abubuwan da bai taɓa yi ba. Ko da ya samu 27 a kowane kiɗa da 16 a gwajin kunne, 97 ke nan. Cin jarrabawarsa ya rataya ga ɓangaren da ya fi rauni a ciki, yabo kuwa ya yi masa nisa. Irin wannan ɗalibi ya fi dacewa da Trinity, inda zai zaɓi kunne da ƙirƙira, ko da jarrabawar wasa kaɗai, da sharaɗin ya fara koyon rubutu a gefe tun daga ranar farko.

5.3. Wace ƙofa ake son takardar ta buɗe?

Wannan ce tambayar da aka fi mantawa da ita. A Ingila an jera matakan cikin tsarin takardun ƙasa, kuma na 6 zuwa na 8 suna ƙara wa mai neman shiga jami'a maki. Wannan daraja ta can ce. Takardar mataki na 8 ba BEPC ba ce, ba bakaloreya ba ce, ba kuma takardar jami'a ba ce irin wadda CAMES ke duba daidaitonta. Uban da ya sayar da akuya yana tsammanin ɗansa zai samu aikin gwamnati da ita ya kamata a faɗa masa gaskiya tun da wuri.

Bari mu ɗauki misali 3 na ƙiyasi.

Ɗalibar lise da ke son karatun kiɗa a jami'ar Najeriya ko ta Gana: ita takarda za ta yi mata amfani, kuma wadda za ta fi yi mata shi ita ce ta ilimin rubutu har mataki na 5, sannan cikakken gwaji, domin karatu da rubutu za a nema a wajenta tun ranar farko. Kafin komi, ta rubuta wa makarantar ta tambayi takardar da suke karɓa.

Saurayi mai gita a Belbeji, wanda ke wasa a biki, yana son ya san inda ya kai: jarrabawar bidiyo ta kiɗan zamani ta ishe shi, kuma sau ɗaya ko 2 ya wadatar. Abin da zai fi amfana da shi ma shi ne bayanin da alƙali ke rubutowa a kan kowane kiɗa. Masu gayyatarsa biki ba za su tambaye shi takarda ba.

Ɗan gidan kalangu da ke koleji a Tanut: jarrabawar kaɗawarsa tana hannun mahaifinsa da masu saurare. Idan yana son ya zama mai bincike ko malami, ilimin rubutu zai ƙara masa hannu, domin ya iya rubuta abin da gidansu ke kaɗawa, ya kuma gane inda rubutun Turai ya kasa ɗaukarsa.

5.4. Mataki da shiri

Da an zaɓi iri, zaɓen mataki ba shi da wuya. Ba dole ne a bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Ana iya tsallakewa. Ma'aunin da muke ba da shawara shi ne: a shiga matakin da ɗalibi ke kaɗa kaɗe-kaɗensa ba tare da tsayawa ba makonni kafin ranar, ko da yana ganin ya fi ƙarfinsa. Jerin kaɗe-kaɗen yana sakewa bayan ƴan shekaru, saboda haka a tabbata littafin da ke hannu na lokacin ne. A kuma samu amsa a rubuce daga hukumar cewa tana karɓar rajista daga Nijar, da yadda ake biya, da yadda takardar za ta iso. Ga ta bidiyo, a nemi ɗaki marar hayaniya, da wuta da intanet da za su ɗauki aika babban fayil. Sau da yawa wannan yana nufin zuwa Damagaram.

6. Abin da ya rage ga jami'a

Giɓin da muka nuna a 5.1 ba a kan ɗalibi yake ba. Wasu ƙasashe sun cike irinsa. A Indiya, hukumar Gandharva Mahavidyalaya Mandal, da aka kafa a 1931, tana jarraba waƙa da tabla da sauran kayan kiɗan ƙasar mataki mataki. A Ailan, ƙungiyar Comhaltas, ta 1951, tana da jarrabawar kiɗan gargajiya inda ake kaɗawa da ka, a kuma tambayi ɗalibi tarihin abin da ya kaɗa. Kusa da mu, makarantun fasaha na Bamako suna koyar da kora da balafon cikin aji.

Nijar ma ba daga sifiri za ta fara ba. Cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya (CFPM) da aka buɗe a Yamai wajen 1990 ta tara kayan kiɗan ƙasa, ta kuma haɗa makaɗan gargajiya da na zamani. Malam Maman Barka, ɗan Taskar cikin jahar Damagaram, malamin makaranta kuma gwanin gurumi, wanda ya rasu a 2018, ya je bakin tafkin Cadi a farkon shekarun 2000 ya zauna gaban Bukar Tar ya koyi biram, kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya 5 da ya kusa ɓacewa. Hanyar da ya bi ita ce ta gida, zama gaban gwani. Abin da ya ƙara shi ne ya fito da ilimin inda wasu za su same shi.

Idan sashenmu da na jami'ar Damagaram za su gwada tsara matakai domin kalangu, gurumi ko anzad, muna ganin sharuɗɗa 4 ne. Alƙalai su haɗa da makaɗan da jama'a ta yarda da su, a kuma biya su kamar kowane alƙali. A yi jarrabawar da Hausa ko Tamajak. A auna ɗalibi cikin ƙungiya, gaban mutane, domin a nan ne amshi da zuga ke bayyana. Kuma kada a tsayar da salon gari ɗaya a ce shi ne daidai, domin kiɗan Gangara da na Tarka kowane da hannunsa. Jerin kaɗe-kaɗe da aka buga a littafi yana iya kashe bambancin da ake son a adana. Akwai kuma tambayar da sai an je an yi ta a wurin: shin masu gado sun yarda a koya wa wanda ba ɗan gida ba, har a ba shi shaida? Wannan aikin bincike ne da ya dace da ɗaliban digiri na biyu, kuma Tanut da Belbeji, da yake al'ummomi 4 ne ke kiɗa a wuri guda, fili ne mai kyau na fara shi.

7. Kammalawa

Mun ga cewa cikakken gwaji yana auna hannu da ido da kunne tare, jarrabawar wasa tana auna hannu kaɗai, ta rubutu tana auna sanin alamomi, awon gida kuma yana auna magana da sanin mutane. Malamin da ɗalibi ya zo wa da tambaya ya fara da kayan kiɗan, ya bi da hanyar koyo, ya ƙare da amfanin takardar. Idan amsoshin 3 suka nuna jarrabawa guda, a shiga. Idan ba su nuna ko ɗaya ba, kamar yadda zai faru ga mafi yawan masu kalangu da anzad, a bar kuɗin a gida, ɗalibi ya ci gaba da zama gaban malaminsa, mu kuma a jami'a mu fara aikin da muka zayyana a sashe na 6.